Ga ƙanwata da ta ga mahaifiyarta a cikin Folcoche

Wa alaikis salam ƙanwata. Kin ce malaminku na Faransanci ya ba ku Vipère au poing na Hervé Bazin ku karanta, kika ga gidanku a ciki: uwa mai hannu da zafin baki, uba da ba ya tankawa, ɗan auta da ba a taɓa shi. Kika yi tambaya biyu. Ko kin yi zunubi da ranki ya yi sanyi a wurin da aka kwantar da Folcoche, uwar da ke cikin littafin, asibiti, sannan ko ki miƙa wa ƙaninki mai shekara 14 littafin, tunda shi ma yana shan abin da kike sha.

Kafin in ba ki amsa, bari in yi magana da masu rubuta mata "uwa uwa ce, je ki nemi gafara". Don Allah ku sassauta. Yarinyar nan ba ta zagi kowa ba, ko sunanta ba ta sa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da kishiyar uwa ta ambata, da yanzu kun cika wurin nan da Allah ya isa. Da yake uwar da ta haife ta ce, sai kowa ya zama malami.

Abin da ya sa littafin nan ya kama ni tun ina lise, wato babbar sakandare, ke nan. Labaran da muka taso da su duk na kishiyar uwa ne da goggo mai riƙo. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa mace za ta iya ɗaukar cikinka wata tara kuma ta tsane ka, sai wannan Bafaranshen da aka haifa a Angers a 1911. Ki tuna inda Jean, yaron da ke ba da labarin, da wansa Ferdinand suka je tashar jirgin ƙasa ta Segré tarar iyayensu da suka dawo daga Sin bayan rasuwar kakar da ta rene su. Yara sun ruga da murna za su rungume uwarsu, ta tarbe su da mari. Wallahi a nan na ajiye littafin na shiga bayi na yi kuka, don kar a gan ni.

Ni tawa ba ta aske mana kai ba, ba ta cire mana murhun ɗumama ɗaki a lokacin sanyi ba, ba ta soka mana cokali mai yatsu a hannu wurin cin abinci kamar Folcoche ba. Nata salon daban ne. Ina aji na uku a kwaleji kuɗin adashenta suka ɓata, jika goma. Ranar zubi ce, matan unguwa sun cika tsakar gida. Ban ko cire kayan makaranta ba ta fizge jakata ta zazzage ta a gabansu. Kayena, wato littafin rubutuna na lissafi, ya faɗa cikin bahon wanki, ina kallon tawada tana narkewa, aikin wata da watanni yana zama ruwan shuɗi. Ta sa na kwance ɗankwali, ta laluba kitsona, ta sa na cire takalmi. Ba ta ga komai ba, amma ta ce ai ɓarawo ba ya ajiye kaya a jikinsa. Ta ɗauko igiyar guga. Dukan bai dame ni kamar kalmar ba. Ɓarauniya, a gaban uwar ƙawata, a gaban matar da ɗanta ke ajinmu. Kafin gari ya waye maganar ta riga ni zuwa makaranta. Har na bar kwalejin nan, in biro ya ɓata a aji sai an waiwayo an dube ni.

Babanmu kuwa yana zaune a ƙofar ɗakinsa da rediyo a kunne. Na kira shi, na ce Baba wallahi ban ɗauka ba. Ya ƙara wa rediyon murya. Ƙanwata, wannan murɗa rediyon ya fi igiyar gugar zafi, har yau. Bayan kwanaki aka gano ɗan lelenta ne ya kwashe kuɗin ya je gidan kallon ƙwallo da abokansa. Ta yi dariya ta ce ƙuruciya ce. Ni ba wanda ya kira ni ya ce yi haƙuri. Matan da aka tozarta ni a gabansu ba wanda ya koma ya gaya musu gaskiya. Da na yi ƙorafi wurin Baba da daddare, cewa ya yi in rufa masa asiri, ba ya son fitina.

Shi ya sa duk lokacin da muke hirar littafin nan a nan, kowa na tsine wa Folcoche, ni mijinta Jacques Rezeau, uban yaran, nake jin haushi. Mutum mai digirin shari'a, wanda ya koyar a jami'a a Shanghai, ya dawo ya shige ɗaki yana nazarin ƙudaje, matarsa na gasa masa 'ya'ya a ƙasa. Kuma Bazin bai ɓoye dalilin ba: dukiyar da matar ta zo da ita daga gidan ubanta Sanata Pluvignec ita ke riƙe da gidansu, La Belle Angerie. Wanda ake ciyar da gidansa ina zai samu bakin magana? Ki duba fa, da aka kwantar da ita asibiti mutumin nan ya saki jiki da yaransa, har wasa da dariya. Ke nan ya san abin da ake yi ba daidai ba ne, tsoro ne kawai. Limaman cocin da ake ɗauko wa yaran a matsayin malamai su ma haka, wanda ya nuna tausayi a sallame shi, wanda ya iya bulala ya zauna.

To, maganar zunubi. Ni ba malama ba ce, ki tambayi masu ilimi, amma ki zaɓi mai sauraro, ba wanda zai katse ki tun ba ki rufe baki ba. Abin da na sani, Folcoche ta cikin takarda ce, ba ki yi wa kowa mugun fata ba. Sanyin da kika ji na yaran ne da suka samu numfashi, kuma numfashin nan kike nema ke ma. Alƙur'ani ya hana mu ce wa iyaye ko "uf", haka ne. A Suratu Luƙman kuma an ce ko da sun matsa maka ka yi shirka kar ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Kyautatawa aka ɗora mana. Ban ga inda aka ce ki ƙaryata idonki ki ce ba a zalunce ki ba. Ni yau ina kai wa tawa cefane, ina biyan kuɗin maganinta na hawan jini, ina durƙusawa in gaishe ta. Maganar jika goman nan ba ta taɓa ɗauko ta ba, kuma na daina jira.

Ƙaninki kuwa, ni dai a ganina kar ki ba shi yanzu. Ko kuma in kin ba shi, ki zauna ku karanta tare, ku yi ta hira a kai. Namiji ɗan shekara 14 da zuciyarsa ke tafasa, abin da zai ɗauka shi ne haruffan V.F. da yaran ke sassaƙawa a jikin itatuwa don alwashin ramuwa, da wasan nan na ƙura wa uwa ido a kan tebur, da gubar belladone da suka zuba mata, da ranar da suka so nutsar da ita a kogi. Zai ga Jean jarumi ne. Ba zai lura da abin da ya fi ba ni tsoro ba, wanda ni ma sai da na haihu na gane shi: a ƙarshen littafin Jean da bakinsa yake yarda cewa duk cikin 'ya'yan shi ya fi kama da uwar. Ta koya masa ƙiyayya, ya ƙware har ya fi malamarsa. Ba ya yarda da kowa, ba ya yarda da so. Dubi yadda ya yi da Madeleine, 'yar manoman nan, ya more ta ba tare da ya ɗauke ta a bakin komai ba. Yaron da aka zalunta ne fa yake yin haka. Ranar da 'yata ta fari ta fasa mini kwalbar turare, muryar da ta taso mini a maƙogwaro ba tawa ba ce, na san mai ita. Na fita waje na tsaya har ta sauka. Abin nan yana bin jini in ba a tsare shi ba.

Kuma don Allah kar ku haɗe wa ɗan autanku kai. Marcel, autan su Jean, wanda suke kira Cropette, mai kai rahoto ne, na yarda, amma waye ya mai da shi haka? Uwar ce ta raba kan yaran don ta ji daɗin mulki. Namu ɗan lelen yanzu shi ya fi kowa shan wuya a cikinmu, ba sana'a, ba haƙurin zama ƙarƙashin wani, an saba masa da komai nasa ne. Wani lokaci har tausayi yake ba ni, wani lokaci kuma in na tuna gidan ƙwallon nan sai in ƙi ɗaga wayarsa.

Ki nemi babba guda a dangi wanda take jin nauyinsa. Ni yayan babanmu ne ya cece ni, ya zo ya ce matarsa na bukatar mai taya ta aiki, ya tafi da ni na ƙarasa karatu a gidansa. Bai yi faɗa da kowa ba, bai ce an yi laifi ba, dabara kawai ya yi. Shi ma Jean ai da me ya fita? Gudun da ya yi zuwa Paris wurin kakanninsa bai haifar da komai ba, uban ya je ya dawo da shi. Sai da ya kama Folcoche tana ɓoye jakar kuɗinta a ɗakinsa don ta laƙa masa sata, ya yi amfani da wannan ya tilasta a tura su makarantar kwana. Karatu ne ya fitar da shi. Kar ki yarda wani ya zo miki da maganar aure a matsayin mafita, na ga waɗanda suka bi ta nan, daga wannan gidan suka faɗa wanda ya fi shi. Ki riƙe bak ɗinki, wato jarrabawar kammala lise, da hannu biyu. Takardunki na makaranta da na haihuwa ki kai su ajiya gidan wata goggo ko ƙawar da kika amince da ita, ni nawa sai da aka yi rigima kafin na same su.

Wata a nan ta kawo maganar fim ɗin littafin. Akwai na talabijin na 1971 da Alice Sapritch ta fito a Folcoche, akwai na 2004 da Catherine Frot. Na farkon ya fi firgita ni, idon matar nan kawai ya isa. Amma kar ki kalla a gida inda za a leƙo a tambaye ki me ake cewa.

Littafin ya fito a 1948, uwar Bazin tana raye ya buga shi, ki duba ƙarfin hali ko rashin kunya, duk yadda mutum ya ɗauka. Yana da ci gaba guda biyu, La Mort du petit cheval na 1950 da Cri de la chouette na 1972. A na ƙarshen Folcoche ta tsufa, ta dawo ta shigo rayuwar Jean da iyalinsa bayan shekaru da rabuwa. Wannan ki bar shi sai bayan jarrabawa, yana da nauyi, ni kaina da ƙyar na kai ƙarshensa. In kina son magana ki turo mini saƙo ta gefe, ba sai kin faɗi sunanki ba. Ki gaya mini garin da kuke da kuma wanda mahaifiyarku ke jin maganarsa a dangi, sai mu ga ta inda za a ɓullo wa maganar ƙaninki.