Na auri 'yar Najeriya, shin na zama ɗan ƙasa?

Tambaya: Malam, a zangon Kumasi aka haife ni, fasfona na Ghana ne. Shekarata 11 a Kano, matata Bakanuwa ce, muna da 'ya'ya uku. Aure ya isa ya ba ni shaidar zama ɗan Najeriya? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Malam, aure kaɗai bai ba ka ba. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya buɗe ƙofar rajista ga baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya, amma bai ambaci baƙon da ya auri 'yar Najeriya ba. An kai ƙudirin gyara wannan gaban Majalisar Tarayya a watan Maris na 2022, bai samu wucewa ba. A ganinmu wannan rashin adalci ne ga 'ya'yanmu mata. 'Ya'yanku dai 'yan ƙasa ne tun haihuwa ta wajen mahaifiyarsu, bisa sashe na 25.

Kafin ka karaya, binciki asalinka. Shi wannan sashe na 26 ya yarda baligin da aka haifa a waje ya yi rajista in ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne. Mutanen zango da yawa jikokin fataken goro ne daga Kano ko Katsina, sai dai faɗa da baki ba ta wadatarwa, sai da takarda da shaidar dangi.

In babu wannan, sai sashe na 27. Ana son zaman shekara 15 a jere, ko wata 12 a jere kafin nema, tare da jimillar shekara 15 cikin 20 da suka gabace su. Ga kyawun hali, ga amfanar da ƙasa, sannan gwamnan jihar da kake zaune ya gamsu mutanen wurin sun karɓe ka. Saura shekara 4 ke nan.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne hujjar zama. Shekarun da babu katin izinin zama na hukumar shige da fice, da wuya a ƙirga maka su. Sabunta naka a kan lokaci, ka adana takardun haraji. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake miƙa wa buƙata, jami'an tsaro su tantance, Shugaban Ƙasa ya amince, ka yi rantsuwa. In da haihuwa ka zama ɗan Ghana, sashe na 28 bai tilasta maka ajiye fasfonka ba.