Ga mai tambaya kan furen da ke yaushi a kwalba

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Na ga kin ce kina yanko fure a tsakar gida ki zuba a kwalba ki kai falo amma kafin kwana biyu duk ya langaɓe ruwan ma ya fara wari. To gaskiya yawanci ba laifin furen ba ne, lokacin yanka ne da kuma ruwan.

Ki riƙa yanka da sassafe bayan asuba kafin rana ta ɗaga, lokacin ya sha ruwa ya ƙoshi, in kin makara ki bari sai la'asar sakaliya. Ki fita da bokitin ruwanki a hannu kina yanka kina tsomawa, kar ki tara a faranti wai sai kin gama. Wuƙa mai kaifi ko reza, a karkace za ki yanka, almakashi marar kaifi matse karan yake yi ruwa ya kasa hawa. Sannan duk ganyen da zai nutse cikin ruwa ki tsige shi tas, shi ne yake ruɓewa ya kawo warin nan kuma ƙwayoyin cuta su toshe karan, wallahi ko wannan kaɗai kika gyara za ki ga canji. Ruwa kuma a zafin garinmu kullum nake canzawa, in wanke kwalbar da sabulu in ɗan rage gindin karan. Ki zuba cokalin shayi ɗaya na sukari a lita ɗaya ta ruwan da ɗigo biyu ko uku na Hypo, wato bilicin wanki, amma sukari shi kaɗai ba Hypo gara ma ki bari, ruɓa yake ƙarawa.

Wani furen fa ko me kika yi ba zai daɗe ba. Haibiskos kwana ɗaya ne rayuwarsa ko a jikin bishiyar, buganbiliya mai hawa katanga ita ma saurin zubewa gare ta. Ziniya da marigol da ros su ne masu juriya, ziniyar ki ɗan girgiza karan kafin ki yanka, in wuyan yana lilo bai ƙosa ba ki ƙyale shi.

Wajen jerawa ni ganye nake fara sawa, ganyen turare ko na lemun tsami ko ɗoɗɗoya da na'a-na'a, waɗannan biyun ga ƙamshi ga shi har saiwa suke fitarwa a ruwa ki sake dasawa. Sai manyan furanni uku ko biyar, ƙanana su cike gurbi, kar tsayinsu ya zo ɗaya kamar an jera 'yan makaranta, mafi tsawon ya kai kamar tsayin kwalbar da rabi. In bakin kwalbar ya yi faɗi ki gicciya salatif a kai su tsaya. Ba sai kin sayi wata kwalba mai tsada ba, ta Bama ma ta isa in kin ɓare takardar.

Kar ki ajiye gaban fanka ko taga mai rana, kuma nesa da ayaba da mangwaro masu nuna, iskar da suke fitarwa tana tsofar da fure. Da hunturu in fure ya yi wuya reshen zoɓo da jajayen 'ya'yansa nake sawa da zangarniyar gero. In kina da oliyanda, shukar adon nan mai dogayen siraran ganye, a gidan kuma kar ki shigo da ita inda yara suke, guba ce har ruwan da aka jiƙa ta.