Tambayi Goggo: Kaskon Garwashi a Ɗakin Maijego

TAMBAYA: Assalamu alaikum Goggo. Mako uku ke nan da na haihu, haihuwar fari, kuma a gidan mijina nake wankan jego. Tun da hunturu ya kankama, kullum bayan isha'i uwar mijina takan sa a shigo min da kaskon garwashi, a rufe ƙofa da taga, har a cusa tsumma a ƙasan ƙofa, wai kada sanyi ya kama ni da jariri. Ni kuwa da asuba nakan tashi da ciwon kai da jiri, wani lokacin har da tashin zuciya. Ta ce jego ne kawai. Ina jin nauyinta ƙwarai. Yaya zan yi?
Maijego, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana. Daga daren yau kada ki sake kwana da kaskon nan. Ciwon kan da kike tashi da shi ya fi kama da aikin gawayi, kuma da wannan alamar yake fara sallama.

Idan gawayi na ci a ɗakin da iska ba ta shiga, yakan fitar da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Da ta shiga jini sai ta ƙwace gurbin iskar da muke rayuwa da ita, domin ta fi ta riƙe jini fiye da sau 200. Mai barci sai dai barcin ya ƙara masa nauyi. Inda mutanenmu ke ruɗuwa shi ne batun hayaƙi. Sai ka ji an ce a bari ya ruru a tsakar gida, in hayaƙin ya wuce a shigo da shi. To jan garwashin nan da ba ya hayaƙi yana nan yana fitar da gubarsa har ya zama toka. Lokacin da nake aikin jinya a nan Katsina, in aka kawo mana mutanen ɗaki ɗaya da sassafe, kowa na amai da jiri, kafin mu tambayi abin da suka ci, mukan tambayi abin da suka kwana da shi. 'Yan rakiya kuwa wani ya ce tuwon dare ne, wani ya ce iskokai. Janareta da ake jawowa zaure ko bakin taga saboda ɓarayi, shi ma gubar ɗaya ce.

Jaririnki ya fi ki shiga haɗari, don numfashinsa ya fi naki sauri, kuma ba shi da bakin cewa kansa na ciwo. Ɗumin da yake bukata na jikinki ne. Ki sa masa hula da safa, ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata, ki lulluɓe ku biyu amma fuskarsa a buɗe. A daina yi masa wanka da sanyin safiya, a jira rana ta ɗaga, a yi da sauri, a shafe shi da man kaɗanya. In kin ga ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ko awazunsa na lotsawa in ya ja numfashi, ko kin ƙirga numfashi 60 ko fiye a minti guda, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ke ma ki je a auna miki hawan jini, domin ciwon kai bayan haihuwa ba abin rainawa ba ne ko da babu gawayi. Ki kuma rage kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar masu jego, amma wannan zance ne na wani makon.

Game da surukarki, ƙauna ce ta sa take yi, kuma haka aka yi mata. Sai dai ɗakin da ta yi jego a ciki wataƙila na ƙasa ne mai asabari a ƙofa, iska na ratsawa ta ko'ina. Naki kuwa siminti ne da silin da ƙofar ƙarfe. Kada ki ja da ita da kanki. Ki ba maigidanki wannan shafi ya karanta, shi ya je ya same ta cikin ladabi, ya ce ma'aikatan lafiya ne suka hana. In ana son jin ɗumi, a yi hira da kaskon a tsakar gida, a kashe shi da ruwa kafin a shiga, a cire tsumman nan, a ƙaro bargo.

TAMBAYA: Hajiya, a farkon daminar bara iska ta yaye rufin gidaje a layinmu. Nawa ya tsira, amma da hadari ya haɗu yakan riƙa ƙara kamar zai tashi. Na jera tayoyi da bulo a kai. Ya wadatar?
Magidanci, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: Malam, bai wadatar ba, kuma ranar da iskar ta fi ƙarfin bulon, a kan mutane zai sauko. Ƙarar da kake ji alama ce ta ƙusa ta saki, ko gara ta cinye katako. Yanzu da rani ne lokacin gyara, kafin watan Mayu da Yuni, sa'ad da hadarin farko ke zuwa da iska da ƙura kafin ɗigon ruwa. Ka kira kafinta ya hau ya duba, musamman bakin kwano da kusurwoyi, don ta nan iska ke samun shiga ta ɗaga. A canza katakon da ya ruɓe, a ɗaure jerin katakon da jikin gini da waya ko ƙarfe, domin sau da yawa rufin gaba ɗaya ke tashi da katakonsa. A sare reshen darbejiyar da ya rufa kan ɗaki, ku kuma haɗu da maƙwabta ku yashe kwata. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018 cikin dare ta zo, ta ci rayuka fiye da 40, saboda haka ka riƙa sauraron hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, a rediyo.

In hadarin ya taso, a kira yara ciki, a nisanci jikin katangar da ta tsage da gindin bishiya, a zare kayan wuta daga soket. Wayar lantarkin da ta faɗo ƙasa kuwa, ko an ɗauke wuta kada kowa ya kusance ta.