Tambaya da Amsa: Magangarar Ruwan Paterson

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a Amurka ya turo mini hoton wata magangarar ruwa a tsakiyar birnin Paterson. Mene ne tarihinta? Daga wata uwa, unguwar Mokoyo, Maradi.

Amsa: Hajiya, magangarar tana kan kogin Passaic a jihar New Jersey, kuma ruwan yana faɗowa daga tsayin kusan mita 23. A 1791 Alexander Hamilton, ministan kuɗin Amurka na farko, ya jagoranci kafa kamfanin da ya haƙa magudanai domin ƙarfin ruwan ya juya injinan masaƙu, har daga baya aka riƙa yi wa garin laƙabi da birnin siliki saboda yawan silikin da ake saƙawa a can. Ma'aikatan masaƙun sun yi babban yajin aiki a 1913. A 2011 gwamnatin Amurka ta keɓe wurin a matsayin wurin tarihi na ƙasa, kuma abin da ya fi burge ni shi ne an adana tsofaffin gine-ginen masana'antun da ke kewaye da shi, abin da nake fata mu yi wa tsohon garin Maradi na bakin Gulbi, wanda ambaliyar 1945 ta tashi mutanensa. Kudancin birnin cike yake da Larabawa Musulmi, saboda haka ɗanki ba zai rasa masallaci ba.