Amsa kan agogon gadi da intarof ɗinsa

Ɗan'uwa, ka ce na'urarka tana yawan mutuwa ta tashi da kanta, shi ne kake tambaya ko za ka riƙa sabunta agogon gadi (watchdog, wanda yake sake tada na'ura in ba a mayar da shi farko a kan lokaci ba) daga cikin intarof (interrupt, sigina mai katse aikin firosesa) ɗin da yake bugowa kafin wa'adi ya cika. Don Allah kada ka soma. Ni na taɓa yi, na kuwa ji a jikina.

Wani ƙaramin allon kwamfuta mai firosesa i.MX6 muka kafa a ɗakin famfon sola, can bayan gari. Ya ishe ni da tashi, sai na ƙara layi ɗaya a direba (manhajar da ke sarrafa agogon), duk sanda intarof ya shigo a mayar da agogon farko. Shiru kake ji, na ce an wuce wurin. Ba a daɗe ba manhajar da ke kula da famfon ta maƙale, tanki ya cika yana ta zuba, taɓo har bakin ƙofa. Na hau mashin na je, na tarar da fitilar allon tana ci abinta. Kanel, wato zuciyar Linux, na raye, intarof na zuwa, direbana kuma yana ta ce wa maigadi, wato agogon, lafiya lau.

Wannan intarof na barin wasiyya ne kawai. A Linux aikin mai karɓarsa kaɗan ne: ya goge alamar a rajista, ya kira watchdog_notify_pretimeout(), ya fita. Kada ka kama mutex (makullin da ake jiran a saki) ko ka rubuta fayil a nan, wurin ba ya ɗaukar jira. Ka zaɓi panic (kanel ya tsaya ya bar rahoto) a saitin pretimeout_governor maimakon noop (kada a ɗauki mataki), ka kunna ramoops mai adana rahoton a RAM, in na'ura ta dawo ka leƙa /sys/fs/pstore ka ga inda ta shaƙe. Amma fa in firosesa ta maƙale alhali intarof a rufe, wasiyyar ma ba za ka samu ba, tashin kawai za ka gani.

Sabuntawa kuwa, manhajar da kake son a tsare ita za ta riƙa aika WDIOC_KEEPALIVE ta /dev/watchdog, kuma sai bayan ta gama zagayen aikinta na gaske. In systemd, mai tada manhajoji a Linux, kake amfani da shi, RuntimeWatchdogSec shi kansa systemd yake tsarewa. Manhajarka WatchdogSec take buƙata. Ka kunna nowayout ma, saitin da ke hana kashe agogon, kada wani ya rubuta harafin V ya rufe fayil ya sallami maigadin.

Tawa matsalar ashe katin SD ne mai jinkiri, rubutu yana tsayar da manhajar fiye da wa'adin da na yanka mata. Agogon i.MX6 yana kaiwa daƙiƙa 128, na Raspberry Pi kusan 15 ne kacal. Wane allo ne naka, kuma daƙiƙa nawa ka sa?