Fanka na juyawa, allo ya ƙi kawo hoto

Ka ce ka haɗa kwamfutarka da hannunka, kana kunnawa fanka ya juya, amma allo baƙi ƙirin. To, wuta dai tana shiga, kada ka karaya.

Fara da abin da ya taɓa ba ni kunya: wayar HDMI, wadda ke kai hoto zuwa allo. In kana da katin hoto (graphics card), a jikinsa ake soka ta, ba a motherboard ba, wato babban faifan da ake jona komai a kai. Na kwana ina zargin farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ashe nan gizo ke saƙar.

Sai RAM, wato sandunan ma'adanar wucin gadi da ake sokawa a motherboard. Zare wuta, cire su duka, mayar da guda ɗaya a rami na biyu daga farosesa, ka danna har ka ji ƙas. In RAM ɗin nau'in DDR5 ce, kunnawar farko kan ɗauki 'yan mintuna, kada ka yi saurin kashewa. Duba kuma wayar wuta mai fil 8 ta kusa da farosesa, ita aka fi mancewa. In shiru, cire batirin CR2032, ƙaramin batiri mai kama da kwabo da ke kan motherboard, na minti 5 ka mayar.

Akwatin wuta (power supply), mai ba kwamfutar wuta, kam kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe caji ko an zare shi. In ka ji ƙauri ko ka ga fil ya lanƙwashe, kai wa mai gyara.