Garin miyar kosha da mai hawan jini a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bronx, cikin birnin New York, aikin jinyar tsofaffi nake yi da dare. Idan na dawo da safe ba ni da ƙarfin tsayawa girki. Kusan shekara guda ke nan ina sayen garin miya mai tambarin kosha, wato abincin da dokar Yahudawa ta yarda da shi, don na tabbata babu alade a ciki. In tafasa ruwa in zuba cokali uku, ko in barbaɗa a shinkafa. Maigidana yana da hawan jini, kuma awon da aka yi masa kwanan nan ya hau. Na riga na koma wanda aka rubuta babu MSG, wato farin magi. Anya ba ni nake cutar da shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa albarka a nemanki. Ba ke kika ɗora masa ciwon ba, amma gwangwanin nan na iya zama cikin abin da ke hana awon sauka.

Harafin U ɗin nan da ke cikin da'ira a jikin gwangwanin tambarin ƙungiyar Orthodox Union ne, kuma shaidarsa ɗaya ce: an bi dokar abincin Yahudawa. Babu alade, ba a gauraya nama da madara ba. Idan kin ga an ƙara da Pareve, babu nama babu madara sam, shi ya sa garin romon kaza irin na kamfanin Osem ɗanɗanon kaza kawai aka kwaikwaya. Maganar halas ko haram ta malamai ce, gare su za ki kai ta. Abin da ya shafe ni shi ne mai duba kosha ba gishiri yake aunawa ba.

Sai maganar MSG, wato farin magi, wadda ta ishe ni. Kusan kullum sai an shigo mini da ita. Wani ya ji saƙon murya a WhatsApp cewa farin magi na cinye ƙoda, ya tsorata, ya je ya sayo mai rubutun "No MSG", ya koma gida da murna yana zubawa son ransa. Farin magi yana da sodiyam, gaskiya ne, amma kusan kashi 12 cikin ɗari ne na nauyinsa, gishirin girki kuwa kusan kashi 40. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe da sa shi cikin abubuwan da ake ɗauka ba su da haɗari. Idan kamfani ya cire shi, gishirin na nan daram. An kori ɓera an bar kura a ɗaki. Na taɓa zama da wani dattijo da ya rantse mini ya bar gishiri wata shida, ko a tuwo ba ya yarda a sa masa. Uwargidansa ta ciro gwangwanin daga jaka, muka juya bayansa tare, na ɗora yatsa a kan jerin kayan haɗin: gishiri ne na farko. A wannan jerin, abin da ya fi nauyi shi ake fara rubutawa. Shiru ya yi, ƙafafunsa a kumbure cikin silifa. Masu tura irin wannan saƙo ba sa nan ranar da ɓarin jikin mutum zai shanye. Su ne kuma ke tallar gishirin Himalaya mai ruwan hoda wai na masu hawan jini ne. Gishiri ne. Shi ma wanda ake kira gishirin kosha gishiri ne mai manyan ƙwayoyi, ya samo sunansa daga tsotse jinin nama da ake yi da shi. Har kanwar da muke jefawa a miya sodiyam ce.

Ga lissafin da nake so ki yi yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai miligiram 2,000 na sodiyam a yini, wato giram 5 na gishiri, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fi son mai hawan jini ya tsaya wajen 1,500. Ki duba bayan gwangwanin, lambar sodiyam da aka rubuta ta awo ɗaya ce, kuma sau da yawa awon ɗan ƙarami ne. Idan cokalin shayi suke nufi, ke kuwa babban cokali kike cikawa sau uku, ki ninka lambar sau tara. A takardar Amurka, duk abin da ya kai kashi 20 na yini a awo ɗaya ya yi yawa. "Low sodium" na nufin miligiram 140 ko ƙasa, "reduced sodium" kuwa ragin aƙalla kashi 25 ne daga na asali.

Ba zan ce ki zubar da shi ba, na san gajiyar aikin dare. Ki mai da shi kayan ɗanɗano, rabin cokalin shayi a tukunya, ba tare da ƙarin gishiri ko dunƙulen magi ba, domin shi kaɗai ba abinci ba ne: yawancinsa gishiri ne da sitaci da mai. Ranar hutunki ki dafa kaza da albasa da tafarnuwa da citta, ki raba romon a ƙananan robobi ki daskarar. Da safe sai ki narkar da ɗaya, ki watsa daskararren alayyafo da karas, ki fasa ƙwai ko ki zuba dafaffen wake, minti goma ya isa. Idan kazar kosha ce, an riga an jiƙa ta da gishiri wajen gyara, kada ki ƙara.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki saya masa gishirin da ake kira madadin gishiri kafin likita ya yarda. Potasiyam ne a ciki, kuma ga mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin hawan jini irin lisinopril yana iya taruwa a jini ya rikita bugun zuciya. Maganinsa ma kada ya tsaya ko da awon ya sauka. Ranar da zai koma asibiti ki saka gwangwanin a jaka, ki miƙa wa likitan ya karanta da idonsa.